Miƙa Aiki a Ranar Ƙuri'a

Ranar da aka jefa ƙuri'ar ko ƙasarmu ta ci gaba da zama cikin Ƙungiya ko ta fice, ina kwance a ɗakin mata na babban asibiti da ƙarfe a ƙugu. Santsin banɗaki ne ya kayar da ni. Gadon bakin ƙofa aka ba ni, inda ba a samun barci, amma kuma ba abin da ke wuce mutum.

Nas ɗaya ce ke riƙe da ɗakin tun asuba, wata siririyar yarinya mai zafin nama da ake kira Auta. Sunan gida ne ya biyo ta wurin aiki, don uwarta ce shugabar ma'aikatan jinya, wadda har likitoci ke ce wa Sista Babba. Ran nan Auta ta zo da akwatin tafiya, ta cusa shi ƙarƙashin teburin magani. Duk ɗakin mun san zancen. Wani asibiti a ɗaya daga cikin manyan ƙasashen Ƙungiya ya ɗauke ta aiki, amma da sharaɗin ta sauka can kafin a faɗi sakamako. Sun ce ba za su zauna jiran yadda za ta kaya ba, wadda ba ta iso ba an ba wata gurbinta. Jirgin da ta samu kujera a cikinsa da magariba zai tashi. Lissafinta, ta miƙa aiki da azahar, yayanta ya kai ta filin jirgi a tasi ɗinsa.

To amma nas ba ta barin ɗaki don lokacinta ya cika. Sai wadda za ta canje ta ta zo, su bi gado-gado tare, wannan na faɗa waccan na dubawa, har mai karɓa ta buɗe baki ta ce ta karɓa. Kafin nan duk ran da ke ɗakin a wuyan mai fita yake. Wadda ta tafi ba ta miƙa ba an soke mata lasisi, kuma ba asibitin da zai ƙara kallonta, nan ko can.

Azahar ta yi, ta gota. Doguwa, wadda ke da aikin yamma, ba ta zo ba. Auta ta buga wayarta har ta gaji, a kashe. Mai shara ce ta jingina tsintsiya da bango ta ce, "Wai Doguwa kike jira? Ai sai ki samu kujera. Jiya ƙanwarta ta nuna min hotonta a filin jirgi, da tabarau kamar matar gwamna."

Auta ta tsaya da tiren allura a hannu. Ta ajiye shi a hankali, ta shiga kiran sauran. Wannan ta tafi, waccan tana ɗakin yara ita kaɗai, ɗayar tana ɗakin tiyata da likita. Can daga ƙarshen ɗaki wata mata mai sana'ar ɗinki, wadda aka cire wa ƙari a cinya jiya, ta ce a taimaka mata da ruwa. Auta ta kai mata, ta dawo ta tsaya a gaban gadona tana kallon wayar kamar mai kallon maciji. Mutum ɗaya ta rage mata a duk garin da ke da ikon karɓar ɗakin nan, uwarta, kuma ita ce ta yi watanni tana yawo kasuwa-kasuwa da lasifika tana cewa a fita.

A talabijin ɗin da ke maƙale a bango wasu masu kwat da ƙulla wuya suna ta bayani. Duk mai ilimin boko a gidanmu "a zauna" yake cewa, da irin muryar da ake gaya wa yaro wuta na ƙuna. Hujjarsu ba ta wuce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ni kuwa na daɗe ina kallon tsintsiya. Akwai mai riƙe da maɗaurin, akwai bakin da ke cin ƙasa yana ƙarewa, kuma ban taɓa jin an tambayi bakin ra'ayinsa ba. Ban ce in an fita za a wayi gari cikin aljanna ba. Ɓarayinmu na nan inda suke. Sai dai ɓarawon gida ka san ƙofarsa.

Sista Babba ta iso da kayan gida, da ƙyallen "A FITA" manne a kafaɗa. Babbar mace ce, mai tafiya kamar ƙasa tata ce. Daga layin zaɓe ta fito, saura kaɗan a zo kanta. Ta cire ƙyallen ta jefa a jaka, ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗora farar riga a kan kayanta. Ba ta kalli akwatin ba, amma na san ta gan shi.

"Umma, na gode," in ji Auta.

"A nan ba ni da 'ya. Fara."

"Sista, duk suna lafiya. Na ba da maganin rana, ba mai zazzaɓi, sai mai ciwon sukari da..."

"Daga bakin ƙofa za ki miƙa min mutane, kamar buhunan siminti? Gado na farko."

Gado na farko ni ce. Ta yaye min bargo ba ko sallama, ta kama yatsun ƙafata ta matsa.

"Malama, motsa su."

"Ina motsawa, Sista. Su ne ba sa jin magana, duk 'yan a-zauna ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga diddigena ta leƙa, ta shafa bayana, ta tambayi yaushe na yi bayan gida, a gaban jama'a. Auta na tsaye tana sauya ƙafa. Suka wuce gado na biyu. Nan ma haka: ido, harshe, bugun jini, bandeji, ledar fitsari. A na uku ta sa aka juya wata tsohuwa, ta ce zanin gadon ya naɗe zai ci mata fata, sai an gyara.

Yayan Auta ya leƙo, da makullin mota a yatsa.

"Umma, don girman Allah. Hanya a cushe take, kowa ya fito zaɓe. In ba mu tashi yanzu ba sai dai ta bi jirgin da gudu."

"Maza ba sa shiga ɗakin mata."

"Ai ban shigo ba, kaina ne kawai."

"To fitar da kan."

Ya ja akwatin daga ƙarƙashin tebur ya fita da shi yana ƙunƙuni. Da suka kai tsakiyar ɗaki rana ta riga ta karkata, ta shigo ta tagogin yamma ta kwanta a kan gadaje. Sista Babba ta tsaya tana ƙirga ɗigon ƙarin ruwan wata yarinya, ido a kan agogon hannunta. Nan Auta ta kasa daurewa.

"Da gangan kike yi."

"Me?"

"Jan ƙafa. Kina so jirgin ya tashi ya bar ni, ki ce ƙaddara ce."

Ɗakin ya yi tsit. Masu nishi ma suka dakata.

"Ni na koya miki miƙa aiki," in ji Sista Babba, ba ta ɗauke ido daga agogon ba. "Yaushe kika taɓa ganin na karɓi gadon da ban yaye ba? Da ina son hana ki, da na tsaya a layina na jefa ƙuri'ata." Ta kama ledar ruwan ta juyo da rubutun wajen 'yarta. "Karanta min inda aka yi wannan."

"Sista, ba lokaci."

"Ruwa ne da gishiri. Da a bayan tasha ake yin sa, a masana'antar da ubanku ya yi aiki har ya mutu. Aka aiko daga hedikwatar Ƙungiya aka ce injinmu bai kai ma'auninsu ba, aka garƙame. Yanzu ruwa da gishiri sai ya hau jirgin ruwa kafin ya shiga jijiyar yarinyar nan. Ranar da jirgin ya makara, ke kika san abin da muke gaya wa dangi."

"Na sha jin wannan a lasifika."

"To ji wanda ba ki ji ba. Na je gaban minista kan albashinku har ƙafata ta san matakalar ofishinsa. Kullum sai ya buɗe hannu ya ce dokar Ƙungiya ta ƙayyade abin da gwamnati za ta kashe. Wa zan je in zaga? Wanda ya rubuta dokar ban san fuskarsa ba. Ban zaɓe shi ba, ba ni da ikon sauke shi. Ajinku ni na yaye shi, da harajin matan nan da ke kwance. Ina suke? Mu da kiwo, su da tatsa."

"Ƙofa a buɗe take, kowa na da 'yancin bi."

"Kin taɓa ganin nas ɗinsu ta zo nan neman aiki? Abin da ke wucewa ta gefe ɗaya kawai ba ƙofa ba ne, 'yar nan. Rariya ce."

Auta ta matso, murya ƙasa-ƙasa, amma a ɗakin da ya yi shiru raɗa ma shela ce.

"To ku toshe rariyar ku ga ko albashi zai zubo daga sama. Ministan da ke laɓewa bayan Ƙungiya gobe zai samu wani bangon. Kuma Doguwa ba Ƙungiya ce ta kore ta jiya ba, ku ne. Da kaɗan-kaɗan ake tafiya. Kuka hau mota kuna ihu za a rufe, za a rufe, kowa ya ruga. Ɗakin nan da kika tarar ba kowa, aikin lasifikarki ne."

Wannan magana ta shigi Sista Babba. Ta saki ledar ta ce, "Gado na gaba."

Daga waje yayan ya danna hon, ya sake dannawa.

Sun kusa ƙarshe, saura gado biyu, suka zo kan mai ɗinki. Tana kwance lamo cikin bargo mai duhu, ido a lumshe.

"An yi mata aiki jiya a cinya," in ji Auta da sauri. "Na ba ta maganin ciwo, tun ɗazu take barci. Ta sha ruwa sosai. Saura ɗaya, Sista."

"Sosai kamar yaya?"

"Tana ta nema."

Sista Babba ta ɗora bayan hannu a goshin matar, ta kama wuyan hannunta, ta ja fatar idonta ƙasa. Sai ta fizge bargon gaba ɗaya.

Daga inda nake ban ga raunin ba. Katifar na gani. Ta sha ta ƙoshi, ta yi baƙi daga ƙugu har gwiwa, kuma da aka ɗaga ƙafar sai jini ya tsarto ya bugi farar rigar Sista Babba. Matar gadon kusa ta ƙwalla salati. Ɗaurin wata jijiya ne ya kwance a ciki, yana ta zuba ƙasa cikin katifa, bargo ya rufa asiri.

Sista Babba ta dunƙule auduga ta danna a cinyar da hannu biyu, ta hau da nauyinta duka.

"Ke!" ta ce wa mai shara. "Ɗakin tiyata. Ki ce jini ne, gado na kusa da ƙarshe. Gudu!"

Auta ta ɗaga ƙafafun gadon ta tura musu kujera, ta jawo ƙarfen rataye ruwa. Mai shara ta dawo tana haki, ta ce likita ya buɗe cikin wani mutum, ba halin ya saki, ya ce su riƙe ta, su sa ruwa, su nemo jini.

Hon ya sake tashi, dogo wannan karon. Yayan ya dawo bakin ƙofa, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga rigar uwarsa, ya rufe. Da ƙyar ya ce, "Auta, in ba yanzu ba, shi ke nan."

Sista Babba ta ɗago kai. Zufa na bin hancinta.

"Na karɓa."

Auta ta kalle ta.

"Na ce na karɓa. Malama, ke shaida ce. Ɗaki ya fita daga wuyanta. Tafi."

"Ba ki ga gado na ƙarshe ba."

"Zan gani. Tafi, na ce!"

Auta ta ja da baya, da baya, har ta zo daidai gadona. Ba wanda zai zarge ta. An karɓa a gaban shaidu, lasisinta lafiya lau. Yayan ya riƙe mata ƙofa.

Sista Babba ta kira mai shara. "Zo ki sa hannunki inda nawa yake. Danna kamar kina matse wanki. Ni zan sa allura." Baiwar Allah ta zo ta danna. Sista Babba na sakin hannu jinin ya kunno ta tsakanin yatsun mai shara, ta ga abin da take riƙe da shi, ta sulale ƙasa. Sista Babba ta koma ta danne. Hannu biyu gare ta, duka suna cikin rauni. Allurar na kan tire, taku ɗaya daga inda take, kuma ba ta da hannun ɗauka. Leɓen mai ɗinki ya koma launin toka.

Ina jin numfashin Auta a saman kaina. Ta ce, "Malama," kamar mai tambaya. Na kau da kai. Ba na ba da shawarar da ba ni zan kwana da ita ba.

Ban san tsawon tsayuwar nan ba. Na dai ji ƙarar safar hannu, tas, tas, a wuyan hannu.

"Ban miƙa ba," in ji Auta.

"Na riga na..."

"Ke kika karɓa. Ni ban miƙa ba. Matsa min in wuce."

Jijiyoyin matar duk sun ɓuya. Auta ta nema a hannun dama ta rasa, ta koma hagu ta soka ta fito ba komai, ta tsuke baki, ta durƙusa ta kama ƙafa. A idon sawu ta samu. Ta buɗe ruwan har ƙarshe, ta matse ledar da hannu, ta miƙa wa yayanta da ke tsaye kamar gunki.

"Yaya, shigo ka matse wannan."

"An ce maza ba sa..."

"Shigo!"

Ta fita da gudu ɗakin ajiyar jini. Aka ce mata mai makulli ya je zaɓe. Ta bi shi har rumfar da ke bayan asibiti ta fizgo shi daga layi. Ta dawo da leda biyu a ƙirji tana ɗumama su da jikinta. Duk wannan lokacin Sista Babba ba ta ɗaga hannu ba. Kafaɗunta na karkarwa, tana yi wa matar magana ƙasa-ƙasa, wai kada ta kuskura ta mutu da ɗinkin mutane a hannunta, masu kaya za su biyo ta har can.

Leda ta biyu ta yi rabi likita ya shigo da rigar tiyata, ya duba, ya ce a turo ta. Suka tura gadon, Sista Babba na tafe a gefe a sunkuye, hannu a cikin cinya, Auta na riƙe da jini a sama. Suka wuce ta gabana. Ta tagar da ke bayansu na ga sama ta yi ja, ana kiran magariba.

Yayan ya je mota ya dawo da akwatin. Ya ajiye shi a bakin ƙofa, ya zauna a kai, ya rufe fuska da hula.

Bayan an kunna fitilu suka dawo. Mai ɗinki ta tsira, an ɗaure jijiyar, tana ɗakin farfaɗowa. A talabijin an rufe rumfuna an fara ƙirga, masu ƙulla wuya sun ƙaru. Auta ta zauna a kujerar nas ta ciro waya. Ta karanta abin da ke ciki, ta kifa ta a kan tebur.

"Sun ba wata gurbina," ta ce, ba da kowa take ba.

Sista Babba na bakin famfo, ta kasa buɗe yatsunta, sun ƙage. Ta sa su ƙarƙashin ruwa.

"Allah ya yi miki..."

"Kada ki sa min albarka yau, Umma. Ba zan ce amin ba."

Ruwa ya ci gaba da zuba.

"Tun safe take neman ruwa," in ji Auta. "Na ce maganin ne. Ko bargon ban ɗaga ba."

"Nas ɗaya ba ta ganin ɗaki guda. Abin da nake ta faɗa ke nan, da a ce waɗanda muka yaye suna nan..."

"Kada ki mai da ni hujja. Kada in ji sunana a lasifika. Ba don ƙasarki na tsaya ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

Yayan ya ɗaga hula daga fuska. "To ni ina zan kai wannan kaya? Tun safe nake yawo da shi kamar gawar da ba dangi."

Auta ta dube shi, sai a lokacin abin ya faɗo mata. "Na mayar wa mai gida makullinsa. Katifar ma na bayar."

"Ɗakinki na gida yana nan," in ji Sista Babba.

"Kin cika shi da kwalayen zaɓe."

"Zan kwashe."

Daga tsakiyar ɗaki tsohuwar nan ta kira, a kawo mata fo, ta matsu. Uwa da 'ya suka dubi ƙofa a tare, ko mai aikin dare za ta ɓullo. Ba kowa a barandar. Auta ta dafa tebur ta miƙe.